A rage mai ko a rage tuwo? Yadda za ki gane hanyar da za ta sauke miki ƙiba

Shekara 19 ke nan ina ɗinki a Kano, kuma tef ɗin awo ba ya ƙarya. Mace za ta shigo shago ta ce, "Ki yi mini da awon bara," in zagaya tef a ƙugunta in ga inci 3 sun ƙaru, in yi shiru in rubuta sabon awo. Nawa awon ne na daɗe ban rubuta ba. Sai da ciwon gwiwa ya kai ni ga yin salla a kan kujera na je asibiti, aka ɗora ni a sikeli, ya nuna kilo 94, ga hawan jini ya fara leƙowa. Da na dawo gida na auna ƙuguna, inci 43, ni da tsawona bai wuce inci 63 ba.

Yanzu da na sauke kilo 11, kusan duk wadda ta kawo ɗinki tambayarta ɗaya ce: me kika daina ci, mai ko tuwo? Amsar da nake bayarwa ita ce duka hanyoyin biyu suna aiki, kuma bambancinsu bai taka kara ya karya ba. Abin da zai raba miki gardama yana cikin tukunyar gidanki, kuma a mako guda za ki iya gano shi.

Da keto na fara, wato tsarin da ake yanke kusan duk abinci mai sitaci irin su tuwo da shinkafa, don shi ake ta yayatawa a waya. Na bar tuwo, shinkafa, burodi, taliya, doya, har wake. Cikin kwana 10 sikeli ya sauka da kilo 3, na yi ta murna. Amma ga ciwon kai, ga bayan gida ya ƙi fita sai da ƙyar, in ina taka keken ɗinki ƙafata sai ta yi nauyi. Abin da ya fi wannan wuya shi ne tukunya biyu. Mu takwas ne a gida. In tuƙa musu tuwo, sannan in koma in dafa wa kaina kifi da ƙwai da kabeji, kuɗin cefanen mutum ɗaya ya kusa kamo na mutum uku. A mako na biyar aka yi sunan jikar maƙwabciyata, na ci waina da miyar taushe, daga nan ban sake komawa ba. Kafin wata biyu kilo ukun nan sun dawo gidansu.

Babbar 'yata, wadda ke karatun aikin jinya, ita ta zaunar da ni. Ta ce, "Umma, yawancin abin da kika zubar a kwana goman farko ruwa ne." Jiki yana ajiye sukari a hanta da cikin tsoka don ranar buƙata, kuma kowane giram na wannan ajiya yana riƙe da ruwa kamar giram 3. In aka yanke sitaci, jiki ya cinye ajiyar, ruwan ya fita ta fitsari, sikeli ya sauka da sauri. Ranar da aka koma cin tuwo, ajiyar ta dawo da ruwanta. Kitse kuwa a hankali yake narkewa, ko ta wace hanya aka bi.

Ita ce kuma ta karanta mini wani bincike da aka yi a Jami'ar Stanford ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Christopher Gardner, aka buga a 2018. Sun ɗauki mutum 609 masu ƙiba, suka raba su gida biyu, waɗannan su rage maiƙo, waɗancan su rage sitaci, aka bi su shekara guda. Masu rage maiƙo suka sauke kilo 5.3 a matsakaici, masu rage sitaci kilo 6. Bambancin bai kai kilo ɗaya ba. An ma duba ƙwayoyin halittarsu da yadda jikinsu ke fitar da insulin, wato sinadarin da ke daidaita sukarin jini, ko za a iya cewa wane wannan hanyar ce ta dace da shi, aka ga bai nuna komai ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne a kowane ɓangare akwai waɗanda suka sauke fiye da kilo 20, akwai kuma waɗanda ma ƙaruwa suka yi. Sannan duka ɓangarorin biyu an ba su umarni iri ɗaya: su yawaita ganye, su rage sukari da kayan farar fulawa, su riƙa dafa abincinsu a gida. A makonni 8 na farko an matsa musu sosai, daga baya aka ce kowa ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har ya kai inda yake ganin zai iya zama a kai har abada. Wannan maganar ta "inda za ki iya zama a kai" ita ce na rasa a gwajina na farko.

To ga yadda za ki yi.

Makon farko kada ki canza komai. Ki samu ƙaramin littafi, ni bayan littafin awona na yi amfani da shi, ki rubuta duk abin da ya shiga bakinki da lokacin da ya shiga. Har da lomar da kika ɗanɗana a bakin murhu, da ragowar abincin yaro da kika ƙarasa don kada a zubar, da gyaɗar da mai talla ta shigo da ita. Ki sa alama a jikin jarkar mai ranar Asabar, ki duba inda ya sauka Asabar ta gaba. Haka gwangwanin sukari. Kada ki gyara rubutun don kunya, ba wanda zai karanta sai ke.

Da na duba nawa, tuwona bai wuce na kowa ba, malmala biyu da dare. Ɓarnar tana wani wuri. Da safe waina biyar ko ƙosai da koko mai sukari. Da rana a shago, garau-garau da mai da yaji, kuma ni ce mai cewa a ƙara mai. Lemon kwalba ɗaya, ranar da aiki ya yi yawa biyu. Da la'asar awara soyayya ko fanke. A gida kuwa mai lita 4 ba ya kai mu mako biyu, don ni ba na aunawa, daga jarka nake tuttulawa har sai na ga miya ta yi ja tana ƙyalli.

A nan lissafi yake da amfani, kuma ba mai yawa ba ne. Ana auna kuzarin da abinci ke ba jiki da abin da ake kira kalori. Giram ɗaya na sitaci ko sukari kalori 4 ne, giram ɗaya na furotin, wato abin gina jiki da ke cikin nama da wake da ƙwai, shi ma 4, amma giram ɗaya na mai 9 ne. Babban cokali ɗaya na mai, ko na gyaɗa ne ko manja, kalori 120 ne ko kusa da haka. Kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa kamar 200. Kin ga cokali biyu na man da nake kwararawa a kan garau-garau ya fi kofin shinkafar kalori, kuma bai cika mini ciki ko kaɗan ba. Lita ɗaya ta mai ta haura kalori 8,000. Robar lemo mai santilita 50 kuma tana iya ɗaukar sukari fiye da giram 50, kusan ƙaramin cokali 13, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babba zai sha a yini kada ya wuce kamar giram 50, in ya tsaya a 25 ma ya fi.

Idan littafinki ya cika da soye-soye irin nawa, mai za ki fara ragewa. Idan kuwa ke ba mai son maiƙo ba ce, amma shafin ya cika da burodi da shayi mai sukari cokali huɗu, shinkafa faranti a tule, taliya, gurasa, da tuwo malmala uku, to sitaci za ki rage. Ki kuma tambayi kanki tambaya biyu da babu su a wancan bincike. Ke kaɗai kike ci ko tukunyarku ɗaya da mutum goma? Kuma aljihunki zai ɗauki kifi da ƙwai da nama kullum har shekara?

Ni mai na rage, kuma dalilin da ya sa ta zauna mini shi ne ban sake ɗora tukunya ta biyu ba. Na ajiye babban cokali ɗaya kusa da jarka, na daina tuttulawa. Miyar da nake zuba wa ludayi biyu na mai ta koma cokali 4 ga mutum takwas. Dabarar jar miya ita ce ki bar markaɗen tumatir da tattasai ya tafasa shi kaɗai har ruwansa ya tsotse, tsamin ya mutu, sannan ki sa ɗan man ki soya albasa ki juye. Da can yawan man ne ke yi mini aikin kashe tsami, ashe wuta da haƙuri suna yi. In kin dafa nama mai kitse, ki bar romon ya huce, man zai taso sama ya daskare, ki kwashe. Miyar kuka da ta kuɓewa da karkashi da ma ba sa neman mai sosai, daddawa da busasshen kifi ne ke ba su daɗi, don haka na mayar da su sau huɗu a mako. Mako biyu aka yi ana ci kafin maigida ya ce, "Kamar miyar nan ta fi sauƙi a ciki." Sai a lokacin na gaya masa.

Sauran canjin musanya ne kawai. Waken da zan yi ƙosai da shi, alala nake yi, wake ɗaya ne, ɗaya ya yi iyo a kasko, ɗaya turara shi aka yi. Ƙwai dafaffe maimakon soyayye. Doya da dankali a dafa. Kifi a gasa ko a yi farfesu. Kaza a cire fatar. Awara in yanka ta cikin miya ba tare da na soya ba. Garau-garau ban bar shi ba, sai dai wake ya fi shinkafa yawa, mai ƙaramin cokali ɗaya, ga kabeji da tumatir da albasa a kai. Waina ta koma ta ranar Juma'a, guda uku.

Akwai tarko a wannan hanya, na faɗa cikinsa a wata na biyu. In aka rage mai, abinci ba ya daɗewa a ciki, yunwa ta dawo da wuri, hannu ya tafi ga burodi da biskit. Maganinsa wake da ganye. Kwaɗon zogale ko na rama da ɗan ƙuli-ƙuli da rana yana riƙe ni har magariba. Kuma ba a cewa a bar mai kwata-kwata, jiki na buƙatarsa don ya tsotsi wasu bitamin, irin bitamin A da ke cikin karas da ganye da shi kansa manja.

Yayata kuwa ta ɗaya hanyar ta bi, kuma ita ta dace da ita. 'Ya'yanta duk sun yi aure, daga ita sai mijinta, tukunyarta ƙarama. An auna jininta aka ce sukarinta ya kusa kai na masu ciwon suga. Ita tun muna yara ba ta son soye, amma a ba ta burodi da shayi safe da dare. Da na ba ta labarin keto ɗina ta ce, "Ni ba zan bar tuwo ba, zan dai rage masa girma." Haka ta yi. Safiya ƙwai biyu da shayi ba sukari, ko alala. Rana wake da alayyafo, ko shinkafa cikin ƙaramin kofi da miyar ganye mai yawa da kifi. Dare malmala ɗaya ƙarama, miya ta fi tuwon yawa, har ta kan ce yanzu miya take ci da tuwo. Fura ta koma dunƙule ɗaya a cikin nono mai yawa, ba sukari. Wake bai fita daga abincinta ba, duk da yana da sitaci, don yana da furotin da harza, wato zare-zaren abinci da ciki ba ya narkarwa, ba ya ɗaga sukarin jini da sauri kamar farar shinkafa da burodi. A shekara ta sauke kilo 10, sukarinta ya sauko.

Tarkon tata hanyar shi ne tunanin cewa tunda ba tuwo, maiƙo ya halatta ko nawa ne. Gyaɗa giram 100, abin da bai fi cikin tafin hannu biyu ba, ta haura kalori 550. Man shanu, kitsen balangu da manja mai yawa suna ɗaga kolestarol, wani nau'in kitse da ke cikin jini, ga mutane da dama. Wadda ta bar malmala ɗaya ta maye gurbinta da kwanon gyaɗa da tsire mai kitse ba ta rage komai ba.

Wani gwaji da Kevin Hall ya jagoranta a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, aka buga a 2021, ya nuna abin da ni da Yaya muka gani a jikinmu. An kwantar da mutum 20 a asibitin bincike, kowa ya yi mako biyu yana cin abinci mai ƙarancin maiƙo na tsirrai, mako biyu kuma yana cin na keto, ko nawa yake so. A makonnin rage maiƙo abin da suka ci a kowace rana ya gaza na makonnin keto da kalori 550 zuwa 700, ba tare da sun ce yunwa ta fi damunsu ba. A makonnin keto kuma sukarin jininsu da insulin sun fi sauka da daidaita. Kowace da inda ta fi ƙarfi. Shi ya sa mai matsalar sukari na fi karkata mata ga hanyar Yaya.

Amma a nan sai an yi hattara, kuma da gaske nake. Wadda ke allurar insulin ko shan ƙwayar ciwon suga irin glibenclamide, in ta yanke sitaci kwatsam ba a rage mata magani ba, sukarinta zai iya faɗuwa har ta suma. Ta fara ganin likitanta. Haka mai ciwon ƙoda, don yawan nama da ƙwai na iya yi mata nauyi. Mai juna biyu ba lokacin rage ƙiba ba ne, mai shayarwa kuma ta nemi shawara tukuna. Mai shan maganin hawan jini ta riƙa aunawa, don in nauyi ya sauka jinin ma yakan sauka, wataƙila a rage mata magani, kamar yadda aka rage mini. Shayin rage teɓa da ake tallatawa a waya kuma na ga abin da ya yi wa wata mai kawo mini ɗinki: gudawa da yawan fitsari, fuska ta zabge, tumbi na nan inda yake.

Ko wacce kika zaɓa, abu uku ba sa canzawa. Lemon kwalba, zoɓo da kunun aya masu sukari su fita daga abin kullum, wannan kaɗai ya isa ya motsa sikelin wasu. Ganye ya kama rabin faranti. Sannan ki zuba naki a faranti daban. In kuna ci a tire ɗaya da yara, ba za ki taɓa sanin nawa kika ci ba, hannu dai yana ta zuwa yana dawowa. Ni tafiya na ƙara a kai, minti 30 bayan sallar asuba, sau biyar a mako, in zagaya unguwa da maƙwabciyata kafin rana ta yi zafi.

Ki ba hanyar da kika zaɓa wata uku kafin ki yanke mata hukunci. Sikeli sau ɗaya a mako ya isa, rana ɗaya, da safe kafin ki ci komai. Rabin kilo a mako ci gaba ne mai kyau. Kwanakin al'ada jiki na riƙe ruwa, kada ki razana in kin ga ƙari. Ni na fi yarda da tef. Ki tsaya a miƙe, ki laluba ƙarshen haƙarƙari da saman ƙashin ƙugu, ki zagaya tef a tsakaninsu, daidai ko ɗan sama da cibiya, ki saki numfashi ba tare da kin tsuke ciki ba. Abin da ake so shi ne awon ya gaza rabin tsawonki. Nawa daga 43 ya dawo 37, rabin tsawona kuwa 31 da rabi ne, saboda haka da sauran tafiya. Amma likita ya gaya mini cewa sauke kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki ma yana gyara hawan jini da sukari, kuma gwiwata ta shaida, na koma sujada a ƙasa tun wata na biyar.

A wata na shida sikeli ya tsaya cak, mako huɗu bai motsa ba. Wannan yana faruwa da kusan kowa, don jikin da ya ragu abincin da yake ƙonawa ma ya ragu. Littafin na sake ɗaukowa, na rubuta mako guda, sai ga shi cokalin mai ya fara cika yana zuba, wainar Juma'a ta haifi ta Talata. Na gyara, na kuma ari rabin dabarar Yaya, malmalata ta dare ta koma ɗaya. Ita ma da tata ta tsaya, cokalin awon mai ta ara a wurina.

Biki da azumi su ne jarrabawa. In zan je biki, ina cin alala ko ƙwai a gida tukuna, can in ɗauki faranti ɗaya, kayan gara irin su alkaki da dubulan da cincin in ɗanɗana ɗaya, sauran in ƙulle wa yara. Da azumi, dabino uku da ruwa, a yi salla, sannan farfesu ko kunu marar sukari sosai. Soyayyen dankali da ƙwai da ƙosai da muke jerawa kowace magariba su ne suke sa a fito azumi an fi shiga nauyi.

Sai maganar mutane. Ranar da surukata ta gan ni bayan wata bakwai, ta kama hannuna ta ce, "'Yar nan, lafiya kuwa? Ko wani abu ke damunki a gidan?" A wurinta, kamar yawancin iyayenmu, ƙiba alamar kwanciyar hankali ce, ramewa kuma alamar an shiga wani hali. Na ce, "Lafiya lau, Hajiya, likita ne ya ce in rage saboda gwiwa da hawan jini." Na lura in aka ambaci likita da ciwo, magana takan mutu a nan, har a yi miki addu'a. In kika ce don kyan jiki kike yi, sai an yi ta ja. Yanzu in na je gaishe ta, da kanta take cewa a zuba mini miya da yawa, tuwo kaɗan.

Kayanki kuma kada ki yi saurin kyautar da su ko ɗinka sababbi. Ki jira sai inci 2 sun tafi sun kuma zauna wata guda, sannan ki kai wa tela ta rage. Ki ce ta kama daga gefe ta ninke yadin a ciki, kada ta yanke, don in an sake ragewa a kan wannan layin za a bi.